'Yan Dawunlodin Darki da Foldojinsu

Ranar Alhamis, idan kasuwar Darki ta cika, ba hatsi da dabbobi kaɗai ake ciniki ba. A gefen titin da ya taso daga Kano ya ratsa Wudil ya miƙa Maiduguri, akan ga samari zaune gaban kwamfutoci, ɗan janareta na kuka a bayansu, suna tura wa jama'a waƙoƙi da fina-finai da wa'azi a memori. 'Yan dawunlodin ake ce musu. Duk kwamfuta mai Windows da folda ruwan ɗorawa take zuwa, iri ɗaya daga Amurka har nan. Abin da kowa ya yi da tasa ne ya bambanta su.

Akwai Malam Ba-ruwana. Shi ko suna ba ya raɗa wa folda, wanda kwamfuta ta sa mata ya ishe shi. Ka ce masa kana son Shata, sai ya buɗe wannan ka ji Hamisu Breaker, ya buɗe waccan ka ga Indiya-Hausa ta Algaita, yana cewa "yanzun nan na gan ta, wallahi", har motar ƙauyenku ta tashi.

Kusa da shi Sarkin Kwalliya ne, wanda ya gano cewa folda tana sauya fuska. Ya danna linzami ta dama, ya shiga Properties, ya wuce Customize, ya zaɓi hoto. Da ya fahimci Windows ba ta karɓar hoton waya kai tsaye sai an mayar da shi ƙaramin fayil mai suna .ico, sai ya raba dare yana aikin. Yanzu foldar Ɗan Maraya Jos kuntigi ce, ta Labarina fuskar jarumi, ta Rarara kuwa Rarara ne da kansa. Baƙin cikinsa ɗaya: bayanin adon yana cikin wani ɓoyayyen fayil, desktop.ini, wanda wayar Android ba ta san da zamansa ba. Mai saye ya koma gida ya buɗe waya, ba kuntigi ba jarumi, mako mai zuwa ya dawo yana cewa an rage masa kaya.

Ustazu kuwa kore ya yi wa foldojinsa, ya jera tafsirin marigayi Shaikh Ja'afar da ƙira'ar Alaramma Ahmad Sulaiman can sama. Waƙoƙin soyayya suna nan, amma a lungu, kuma kafin ya buɗe sai ya rage murya.

Ɗan siyasa bai da wahalar ganewa: yau jar hula ce a kan foldojinsa, gobe tsintsiya, gwargwadon wanda ya tsaya gaban tebur.

Wanda ya fi ba da dariya shi ne Mai Ɓoyo. Wani ɗalibin jami'ar Aliko Dangote ta Wudil, in ji shi, ya koya masa dabara: ka zaɓi hoton da ba komai a cikinsa, ka danne Alt ka buga 0160 a gurbin suna, folda ta ɓace daga ido. Abin da ya ɓoye, shi da Allah. Matsalar ita ce shi ma yakan manta inda ya ajiye ta, ka same shi yana lalube a allo kamar mai neman allura a rairayi, alhali yaron shagonsa ya san Ctrl da A kaɗai suna tona asirin.

Duk da dariyar da abokan sana'a ke yi wa Sarkin Kwalliya, shi ya fi su fahimtar kasuwa. Da yawan masu zuwa Darki daga ƙauyuka karatun allo suka yi, ba boko ba. Dattijo ba sai ya karanta suna ba, yatsa kawai zai nuna ya ce "wancan mai kuntigin". Kafin Malam Ba-ruwana ya gano Shata, Sarkin Kwalliya ya sallami layinsa ya tafi sallar la'asar.