Darakta a Bayan Gida

Wani sabon maganin hawan jini ya shigo Mubi, kuma ba a kemis ake sayar da shi ba. Sunansa fartanya. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 albashi ya daina ganin tsakiyar wata, sai ma'aikata suka gano cewa lambu na sanyaya zuciya. Daga unguwar Lokuwa zuwa Wuro Patuji, leƙa bayan gida ka sha kallo: tsofaffin buhunan siminti cike da ƙasa, a jere, kowanne da tumatir ɗinsa ko alayyahu. Abin da Obasanjo ya yi ta roƙo a 1976, cewa kowa ya noma abin miyarsa, ga shi takaicin ofis ya aiwatar ba tare da sanarwa ba.

Matsalar ita ce takaicin ba ya mutuwa a lambu, wurin aiki kawai yake sauyawa. Bawan Allah da ya wuni yana "ranka ya daɗe, an gama" a gaban oga, da ya tuɓe babbar riga ya naɗe wando sai ya zama darakta. Yara su ne masinjoji. Uwargida ce mai binciken kuɗi, kuma ita kaɗai ba ta karɓar uzuri.

"Maigida, jarka nawa aka ba tumatir yau?"

"Hajiya, ai lafiya ake saye."

"To lafiyar ta fi kwandon kasuwa tsada."

Gaskiyarta. A watan Maris, lokacin da kogin Yedzaram ya koma yashi, mai ruwa ne ke cin ribar lambun tun kafin fure ya fito. Ga taki, ga maganin ƙwari, ga wayar shinge. An kashe kuɗin buhun masara, an girbe kuɓewa ƙwaya bakwai, an ɗauke ta hoto an saka a WhatsApp kafin ta ga tukunya.

Sai kuma akuya. A garin da kasuwar shanunsa ke cika tireloli zuwa Kudu, mutum ya shuka latas ba shinge, ai gayyata ya aika. Akuyar maƙwabci ba ta san matakin albashi ba. Cikin minti goma ta kammala aikin wata biyu, ta fita tana tauna. Wanda ya shekara goma ana danne masa ƙarin girma bai ce uffan ba, yau ga shi a ƙofar mai unguwa, jijiyar wuya a tashe, yana neman diyyar kabeji.

Wasu ma sun ci gaba, sun kama fili a fadama. Su ne za ka je ofis da ƙarfe sha ɗaya ka tarar da hula a kan tebur, fanka na juyawa, kujera ba kowa. Masinja ya ce oga ya shiga mitin. Mitin ɗin da albasa ake yi.

Kai da fayil ɗinka ya yi wata uku a ƙarƙashin hular nan, in jininka ya hau, tsohon buhun siminti ba ya tsada.