Su Wane da Wane a Baje Kolin Ɗalibai

Wanda ya fita daga cikin birnin Katsina ya kama hanyar Dutsinma, manyan makarantu zai yi ta wucewa. Ga Jami'ar Al-Qalam da aka kafa a 2005, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, ga kuma Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da gwamnatin jiha ta kafa a 2006. Matasan da ke kai-da-komo a wannan hanya kusan kowa da kyamara a aljihunsa, tunda waya ta zama kyamara. A cikinsu akwai waɗanda abin ya zame wa sana'a, akwai waɗanda ya zame wa ciwo: masu ɗaukar hoto, masu zane a kwamfuta, masu haɗa bidiyo. Jefi-jefi sukan sami zaure su manna ayyukansu a bango, su aro majigi, su ce jama'a a zo a gani. Kowa kallon hotuna yake zuwa. Ni mutanen nake kallo, don su ba a tace su ba.

Tun daga bakin ƙofa za ka ci karo da Ɗan Gobarau. Hasumiyar nan ta Gobarau da ake danganta gininta da zamanin Sarki Muhammadu Korau a ƙarni na 15 ta ga jihadi, ta ga shigowar Turawa a 1903, ta sha ruwan damina ba adadi, amma ba ta taɓa shan wahala irin wadda take sha a hannun wannan bawan Allah ba. Ya ɗauke ta da hantsi, ya ɗauke ta da almuru, ya kwanta rigingine a ƙasa ya ɗauke ta ta ƙasa har yaran unguwa suka zaci farfaɗiya ce. Hoto ɗaya ya sa masa suna "Tarihi", ɗaya "Asali", na ukun da tantabara ta gifta "'Yanci". Matsalar ita ce a bango guda akwai wasu 'yan Gobarau uku, kowa yana hararar ɗan'uwansa a kan an sace masa basira. Ranar da ya so canji sai ya je Ƙofar Soro, ko tsohon ginin Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda su Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Daga nan gari ya ƙare masa. Haifaffen Ƙofar Marusa ne, amma ka tambaye shi hoton lungunsu sai ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, me za a ɗauka a unguwarmu?"

Kusa da shi Mai Kyamarar Aro yake tsaye. Canon ce rataye a wuyansa, gilashinta ya kai kamu guda, ya sa riga mai aljihu goma ba komai a ciki sai cazar waya. Ya san kuɗin kyamarar da dala, ya san shekarar da aka ƙera ta. Maɓalli ɗaya kawai bai jahilta ba, domin yayansa mai hoton biki, wanda shi ne mai kayan, ya ja masa kunne cewa in ya murɗa wani abu ban da wannan, kada ya dawo gida. Gwanintarsa hawan Sallah. Ya bi jerin dawaki tun daga masallacin idi, washegari ya bi hawan Bariki, ya cika ma'ajiyar kyamara maƙil. Rabin hotunan kuturin doki ne, sauran rabin kuma bayan wani dogari ne da ya tsaya masa a gaba. Guda ɗayan da ya fito tsaf, mahayi ya ɗaga mashi yana jinjina, shi ne ya shimfiɗa wa tambarinsa tun daga kunnen doki har wutsiya, da suna da lambar waya biyu, don kada a sace. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

A ɓangaren zane, sarauta ta Ɗan Fosta ce. A shagon buga takardu ya koyi CorelDraw, ana tsakiyar yaƙin neman zaɓen 2023, kuma har yau hannunsa bai sauko daga siyasa ba. Katin suna in ya zana, za ka ga jariri ɗan kwana bakwai ya ɗaga kai yana duban sama, hasken rana na fitowa ta bayansa, saura kawai a rubuta mazaɓarsa. A wurinsa farin fili a takarda asara ne, tunda kuɗin bugawa ɗaya ne ko ka cika ko ba ka cika ba. Saboda haka salon rubutu bakwai a fosta guda, ruwan zinare, taurari, dagin Arewa a kowace kusurwa, sannan "Ta Dikko ɗakin kara" a ƙasa ko da tallar man shafawa ce. Abin da ke karya shi haruffa masu lanƙwasa ne. Salon da ya fi so Bature ya ƙirƙira shi bai san da ƙ da ɗ da ɓ ba, don haka da aka bugo sai kowannensu ya koma ɗan akwati. Safiyar baje koli za ka same shi a tsugune da biro yana yi wa haruffa ƙugiya ɗaya bayan ɗaya. Abokin gabarsa shi ne wanda ya gani a YouTube cewa ƙwararru ba sa cika takarda. Nasa aikin farar takarda ce fal, da ɗigo ɗaya baƙi a tsakiya, da rubutun da sai an sa tabarau. Ba sa ga maciji da juna. Wani dattijo ya tsaya gaban aikin na biyun ya ce, "Allah sarki, tawada ce ta ƙare wa yaron nan?"

Amma duk waɗannan yara ne idan Darakta ya iso. Da baƙin tabarau yake shigowa zauren da aka rufe tagoginsa. Fim ɗinsa minti biyar ne. Minti na farko tambarin kamfaninsa ne yana juyi cikin harshen wuta, kamfanin da ofishinsa ke kan katifarsa. Minti na ƙarshe jerin sunaye ne: labari shi, tsarawa shi, umarni shi, ɗauka shi, tacewa shi, godiya ta musamman ga shi da mahaifiyarsa. A minti ukun tsakiya, saurayi yana son budurwa, sai wani Alhaji ya zo da mota. Duk tafiyar da aka yi a fim ɗin tafiyar hawainiya ce, har mai kawo ruwan sha. Ya yi hayar jirgi marar matuƙi na rabin awa, kuma tunda ya biya sai ya fanshe: ana cikin hirar soyayya a zaure sai kyamara ta tashi sama kamar shirwa ta sure ɗan tsako, ka yi ta kallon rufin kwano da tankunan ruwa.

Sauti kuwa, a nan ake yin ta. Kana ganin bakin jaruma yana motsi, abin da kake ji iskar hunturu ce, da hon ɗin Keke Napep, da wani mai tallar rake can nesa. Sai Darakta ya tsaya gefen allo yana fassara: "A nan cewa take ba za ta aure shi ba." Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990, kayan aikinsu gaba ɗaya ba su kai abin da ke cikin wayar Darakta ba, amma mutane sun ji abin da 'yan wasa ke faɗa. Ka gaya masa haka sai ya taɓe baki ya ce shi ba ya kallon Kannywood, finafinan Amurka da Koriya ne makarantarsa. Wannan bai hana shi aika wa duk wani furodusa da ke hanyar Gidan Zu a Kano saƙo ba, yana jiran amsa tun bara.

Akwai ƙananan halittu da ake wucewa da sauri. Mai Tacewa, wadda ta goge fuskar amarya har uwar da ta haife ta ta tambayi ɗiyar wa ce, ta rage mata ƙugu har ginshiƙin da ke bayanta ya lanƙwashe. Mai Uzuri, wanda aikinsa ya fi na kowa kyau sai dai fulash ɗinsa ya ci bairos daren jiya, ga shi an ɗauke wuta, don haka da baki zai ba ka labarin hoton. Sai sabon shiga, Ɗan Ƙirƙirarriyar Basira, wanda ya rantse shi ya ɗauki hoton hawan da kansa, alhali dokin ƙafa biyar gare shi, mahayin yatsa shida, kuma bayan fadar Sarki akwai wani dutse da ƙanƙara ta lulluɓe.

'Yan kallo ma ba a bar su a baya ba. Babban Baƙo an ce ƙarfe goma, ya iso bayan Azahar da mutum takwas a bayansa. Ya yanke kyalle, ya sanar da matasa cewa su ne manyan gobe, ya yi alkawarin duba yiwuwar kafa kwamitin da zai duba yiwuwar sayo kayan aiki. Hoto ɗaya ya tsaya ya kalla da kyau, wato nasa da ke jikin ledar maraba, ya kuma tambayi dalilin da ya sa aka sa tsohon. Bayansa sai Malam Mai Maki, riƙe da jan biro. Rabonsa da kyamara tun zamanin fim mai hoto 36 da ɗakin wanki mai jar fitila, kuma yana ganin duk wanda bai shaƙi warin ruwan wanke hoto ba ɗan tayi ne. Ina dariyarsa, amma ina tare da shi a abu ɗaya. Wanda ya san hoto 36 kawai gare shi yakan tsaya ya duba kafin ya danna. Yaran yanzu dannawa suke yi ɗari, su koma gida su duba.

Sai Baba, da aka lallaɓo daga kasuwa. Ya zagaya zauren hannu a baya, ya tsaya gaban aikin ɗansa ya daɗe, sannan ya ce, "To Alhamdu lillahi. Yanzu kuɗin makarantar nan duk da nike biya, mai hoto za ka zama ke nan?" Yaro ya shiga bayanin kafafen sadarwa na zamani, Baba yana gyaɗa kai. Suna fita ya ce, "Af, bikin ƙanwarka bayan Sallah, ka ga mun huta da kiran wani." Ɗan'uwan Baba a wannan fage shi ne Mai Neman Kyauta, wanda ke da ƙungiya, ko gidauniya, ko ɗan takara. Yana son tambari, da fosta, da bidiyon minti biyu, zuwa gobe da safe. Kuɗi babu, amma "za mu tallata ka, ƙanena, kuma Allah zai biya ka". Akwai kuma Ustazu ɗan ajinsu da ya shigo tunatar da jama'a hukuncin hoto. Ya yi nasiharsa cikin ladabi, aka saurare shi, sannan ya ja Mai Kyamarar Aro gefe ya ce ko zai samu guda ɗaya mai kyau, na shafinsa na Facebook ya tsufa.

Can ƙuryar zaure, kusa da inda aka jingine tsintsiya, nan ake ba Mai Shiru wuri, don ba ta iya rigimar neman bango ba. Ba ta da tambari, ba ta da katin kasuwanci, wayarta ma fuskar a tsage take. Hotunanta shida ne ko bakwai. Kakarta tana kirɓa fura, gari ya yi mata fari har gwiwar hannu. Ɗakin wata tsohuwa da jeren kwalla da tasoshi har rufi. Mata a tsakar gida daren sa lalle, ƙafafu ɗaure da leda, ana dariyar wani abu da ba mu ji ba. Almajiri yana wanke allo, ruwan tawadar na zuba a ƙwarya. Babban Baƙo bai kai nan ba, lokaci ya ƙure. Malam ya rage mata maki biyu saboda haske bai isa ba.

Ga abin da ya sa nake daɗewa a wannan ƙurya. Tsofaffin hotunan Katsina da ke yawo a hannun mutane, na Sarki Dikko da ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, na Sarki Usman Nagogo a filin folo, na ganuwa da ƙofofi, akasarinsu baƙi ne suka ɗauka, kuma abin da baƙo ke iya gani suka ɗauka: sarki, doki, gini. Baƙo iyakarsa zaure. Yadda kakannin kakanninmu mata suka jera ɗaki, yadda suka zauna, abin da ke cikin tukunyarsu, da wuya ka sami hotonsa. Yau ga 'ya'yan gida da kyamara a hannu, suna da izinin shiga har uwar ɗaka, amma mafi yawansu sun fita waje sun tsaya daidai inda Bature ya tsaya. Ita kaɗai ta juya ta shiga ciki. Na tambaye ta me ya sa, ina jiran wata falsafa. Ta ce a gida ba a barin ta zuwa kallon hawa.

La'asar na yi janareta ya fara tari, man da aka yi karo-karo aka saya ya ƙare ana tsakiyar fim ɗin Darakta karo na huɗu, ya ce maƙiya ne. 'Yan Gobarau suka kwashe hasumiyoyinsu. Mai Kyamarar Aro ya ruga, yayansa na da kamu ƙarfe biyar. A nan ne mutum na ƙarshe yake bayyana, wanda tun safe yake zaune a bakin ƙofa bai leƙa ciki ba, wato mai shayin bakin titi. Shi ne kaɗai ya zo da sanin abin da yake so. Ya shafa ledar maraba ya ji kaurinta, ya auna ta da taku, ya yi ciniki da masinja a kan kofi biyu da biredi. Ledar da Ɗan Fosta ya kwana uku yana zanawa ta zama rufin rumfa, ruwan zinare da dagin Arewa da komai. Mai shayin ya ce leda ce mai kyau, ba ta yoyo, sai dai in za a sake bugawa baɗi a ƙara mata kamu biyu ta gefen Babban Baƙo, don ta nan rana take shigo masa.