Sayen Bakin Kwamfuta: Yadda Ake Lallashin Na'urar da Ta Yi Gum

Duk wanda ya taɓa raka ango sayen baki ya san ƙa'idar. Amarya ta lulluɓe ta yi gum, ƙawaye sun kasa sun tsare, kuma babu abokin ango mai hankali da zai fara da zazzage aljihunsa gaba ɗaya. Da ƙaramin tayi ake farawa, a yi ta ƙarawa har baki ya buɗe. To, haka za ka bi da kwamfutar tebur ranar da ta daina magana. Ka kunna karatu ko fim, bakin mutum yana motsi a allo, amma ko tari babu. Abin da zai fara faɗo maka a rai shi ne katin sauti ya ƙone. Maƙwabcinka kuma, wanda ya taɓa zaman wata uku a shagon buga takardu, zai leƙo ya ce, "Malam, a yi mata fomatin kawai." Waɗannan biyun su ne tayi mafi tsada, kuma su ya kamata su zo ƙarshe, in ma za su zo.

Ka sa a ranka tun yanzu cewa a mafi yawan irin wannan shiru, katin sauti ba shi da laifin komai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: shi ake tsine wa, mai gyara ya cika aljihu, alhali waya ce ta zame. A ƙarshen shekarun 1980 kati ne na gaske da ake saya daban a soka a cikin kwamfuta, irin AdLib na 1987 da Sound Blaster da kamfanin Creative na Singafo ya fitar a 1989. Yau kuwa, a kusan kowace kwamfutar gida ko ta ofis, ɗan ƙaramin cif ne kamar farcen yatsa, a liƙe a jikin madabod, galibi ƙirar Realtek ta Taiwan mai tambarin ƙaguwa. Ba ya juyi, ba ya wahala, kuma ba kasafai yake mutuwa haka siddan ba.

Tayin farko kyauta ne: durƙusa. Na san sabuwar shadda ba ta ƙaunar ƙarƙashin tebur, amma a can rabin gaskiya take zaune. Sifikar tana da wuta? 'Yar fitilarta tana ci? Idan mai babban akwati ce, akwai maɓalli a bayanta wanda mai shara yakan taɓa da tsintsiya ba tare da ya sani ba. Akwai kuma abin murɗa sauti, wanda autan gida ya ɗauka sitiyarin mota ne. Murɗa shi zuwa tsakiya. Ban ce ka kai shi ƙarshe ba, domin sautin zai iya dawowa babu sallama, kuma mutanen unguwa ba su yi maka laifi ba. Sannan zare wayar sifikar ka soka a wayar hannu mai rami, ko a rediyo. In ta yi magana a can, ta wanku. In ta yi shiru, ka kama mai laifi tun kafin ka taɓa kwamfutar.

Yanzu haska tocilan a bayan kwamfutar ka dubi ramukan nan. Tun 1999 Microsoft da Intel suka tsayar da launukansu a ƙa'idar PC 99: kore na fitar da sauti, ruwan hoda na makirfo, shuɗi na shigo da sauti daga wata na'ura. In akwai baƙi da ruwan goro, na ƙarin sifiku ne, ka ƙyale su. Matsalar ita ce duk faɗinsu ɗaya, milimita 3.5, don haka kan wayar zai shiga kowanne ya zauna daram ba tare da ƙorafi ba. Mutane da yawa lalube suke yi da hannu daga gaba, suna kallon silin, su soka inda Allah ya nufa. Kore kake nema. Tura shi har ka ji ya ce ƙas, domin rabin shiga yakan ba da kunne ɗaya, ko murya kamar daga cikin rijiya. Wasu kwamfutocin ofis na HP da Dell ba su damu da launi ba, zane suke yi a gefen ramin, sai ka nemi hoton abin sawa a kunne ko kibiya mai fita.

In iyafis ɗin wayar hannu kake amfani da shi, ƙirga zobban da ke kansa. Mai zobe biyu sauti kawai yake ɗauka, shi ne ɗan gida a tsohuwar kwamfutar tebur. Mai zobe uku yana haɗe da makirfo, an yi shi ne don rami guda irin na waya. Zai iya yin magana a koren rami, amma makirfonsa ba zai yi aiki ba sai ka sayi 'yar waya mai raba shi gida biyu, kore da ruwan hoda. Kuma ka gwada ramin baya ko da na gaba ya fi maka sauƙi. Na baya a jikin madabod yake kai tsaye, na gaba kuwa wata siririyar waya ce ta haɗa shi daga ciki, wadda masu haɗa kwamfuta cikin gaggawa sukan mance da ita. Ramin gaba yana da wani hali kuma: da zarar ya ji an soka masa abu, sai ya sa a kashe sifikar baya. Idan ƙurar hunturu ta cushe shi, ko kan wani tsohon iyafis ya karye a ciki, zai yi ta rantsuwa cewa akwai mai saurare, sifikarka kuwa ta yi ta zaman jira.

To, tashi ka karkaɗe gwiwa, mu koma allo. Sauti yana da ƙofofi da yawa, kuma rufe ɗaya ya isa. Akwai alamar sifika kusa da agogo. Akwai ma'aunin da Windows ke ware wa kowace manhaja nata, ta yadda za a iya toshe bakin Chrome ita kaɗai sauran suna ta surutu. Akwai na shafin da ka buɗe, sannan YouTube ko VLC kowanne da nasa. Wani allon rubutun ma yana da maɓallin kashe sauti, daidai inda gwiwar hannu take sauka in ana cin gyaɗa. Bi su ɗaya bayan ɗaya, kada ka ce ai ka san ba ka taɓa ba. Kwamfutar da mutum biyu ke amfani da ita, babu wanda ya taɓa taɓa komai a cikinta.

Ga babban ɓarawon zamani, wanda ya fi kowa raba mutane da kuɗinsu a banza: wayar HDMI. Tsohuwar wayar VGA mai shuɗin kai hoto kawai take ɗauka. HDMI da DisplayPort kuwa suna ɗaukar hoto da sauti tare. Ranar da ka sayi sabon allo ka haɗa da ɗayansu, Windows za ta iya yanke hukunci da kanta cewa daga yau ta allon za a riƙa magana. Allon kuma wataƙila ko sifika ba shi da ita. Sautin yana fita lafiya lau, yana zuwa inda babu baki. Maganin ba ya cin minti ɗaya. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta mmsys.cpl, ka danna Enter. Jerin duk hanyoyin fitar sauti zai bayyana. Wadda ke da koren maki ita ce ke kan gado. In sunan allonka ka gani da makin, zaɓi Speakers ka danna Set Default. In ba ka ga sifikar a jerin ba, danna dama a farin fili ka ce a nuna waɗanda aka kashe.

Kada ka yi saurin rufe wannan tagar, domin a nan shaidar da ta fi kowace ƙarfi take. Kunna wani abu mai sauti ka dubi gefen sunan sifikar. Akwai wasu 'yan sanduna da ke hawa da sauka cikin kore. In suna rawa, kwamfutarka tana magana, kai ne ba ka ji, sai ka koma kan waya, rami da sifika. In sun tsaya cik, matsalar tana ciki. Wannan kallon na daƙiƙa biyar ya raba maka aikin gida biyu, kuma ina ganin da kowa ya san shi, da rabin kwamfutocin da ake ɗora wa ɗan acaɓa zuwa wurin gyara sun kwana a gida.

Idan jan kuros ne a kan alamar sifika, tare da saƙon cewa babu na'urar sauti, to an zo kan direba, wato 'yar manhajar da ke fassara tsakanin Windows da cif ɗin. Wannan yakan biyo bayan sabon fomatin ko sabuntawa. Windows da R kuma, ka rubuta devmgmt.msc. Nemi sashen sauti ka duba ko akwai rawayar alama mai kusurwa uku. In jiya lafiya aka kwana yau aka tashi da shiru, shiga bayanan direban ka danna Roll Back Driver, a mayar da na da. In hakan bai samu ba, cire na'urar daga jerin ka sake kunna kwamfutar, sau da yawa Windows za ta ɗauko ta da kanta. In sai ka sauko da sabo, je shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar ko madabod ɗin, ka sa lambar da ke liƙe a jikin akwatin. Ina roƙonka da girman Allah, ka guji shafukan nan masu manyan korayen maɓallai da ke alƙawarin gyara maka direbobi duka a danna ɗaya. Gudun gara ne a faɗa gidan zago: ka je neman sauti, ka dawo da tallace-tallace da ƙwayar cuta. Kafin ka bar wannan mataki, buɗe services.msc ka nemi Windows Audio ka sake tayar da ita, domin ita ma takan yi barci a bakin aiki.

Har yanzu shiru? Dubi agogon kwamfutar. In tana ce maka shekarar da ta wuce da daɗewa ake ciki, ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, ya mutu, kuma saitin BIOS ya koma yadda ya ga dama. Wannan ruwan dare ne a kwamfutocin gwanjo da suka gama aikin ofis a Turai kafin su iso hannunmu. Sake kunnawa ka shiga BIOS, da F10 a HP, F2 a Dell, ko Delete a yawancin na haɗi, ka tabbata an kunna sautin madabod. Wani wuri za ka ga an rubuta HD Audio, tsarin da Intel ta kawo a 2004 ya gaji AC'97, a wasu tsofaffin kuma Azalia. Shi kaɗai za ka taɓa. BIOS ba wurin yawon buɗe ido ba ne. Kada kuma ƙarar "ɗit" da kwamfutar take yi lokacin tashi ta ruɗe ka, a yawancin kwamfutoci wata 'yar ƙaramar ƙararrawa ce daban, ba ta ba da shaida a kan katin sauti.

In za ka buɗe akwatin, zare fulogi daga bango tukuna, ka taɓa ƙarfen jikin akwatin kafin ka taɓa komai. A busasshiyar iskar hunturu jiki yakan tara wutar nan da ke tartsatsi in ka taɓa ƙofar mota, kuma ta isa ta kashe cif. Nemi siririyar wayar ramin gaba, mai rubutun HD AUDIO, ka ga ko tana zaune a kan filoginta, inda aka rubuta F_AUDIO, AAFP ko JAUD1. Tana kama da ta USB, amma gurbin da aka toshe a kowacce daban yake. In ta ƙi shiga, ba taurin kai take yi ba, gidan ne ba nata ba. Kada ka nuna mata ƙarfin tuwo.

Wani lokaci kuma sautin yana nan, amma da baƙi. Gunjin "huuum" marar yankewa na wutar lantarki ne, mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma yakan shigo in kwamfuta da sifika suna shan wuta daga soket daban-daban, ko gidan ba shi da wayar ƙasa. Haɗa su a soket guda, ka raba wayar sauti da wayoyin wuta da caja. "Dirit-dirit-dirit" kafin kira ya shigo, wayar hannunka ce, ɗauke ta daga kan sifika. Ƙarar ƙas-ƙas in ka murɗa sauti, ƙura ce. Masu haɗa kwamfuta da babbar amfilifaya ko miksa a situdiyo, gidan kallo ko wurin taro, ku ne kuke ƙona katin da gaske. Ku kashe komai kafin ku soka ko ku zare, kuma kada ku haɗa koren rami da mashigar makirfo da aka kunna wa wutar bolt 48.

In duk an bi waɗannan, saura shaida ɗaya kafin hukunci. Sa Ubuntu, wata babbar manhaja kishiyar Windows, a filas ka tayar da kwamfutar daga kansa ba tare da ka girka shi ba. In sauti ya fito, cif ɗin lafiyarsa ƙalau, Windows ce ke da magana, kuma a nan ne kaɗai za a saurari maƙwabcinka mai fomatin, bayan ka kwashe takardunka da hotunanka. In can ma shiru, to wataƙila cif ɗin ya riga mu gidan gaskiya. Ko a nan kada ka yarda a ce sai an sake madabod. Akwai katin sauti na USB, bai fi babban yatsa ba, da koren rami da na ruwan hoda a gindinsa, ana samunsa a wurin masu sayar da kayan waya da kwamfuta. Soka shi, Windows za ta gane shi ba tare da wani direba ba, ka koma mmsys.cpl ka ba shi koren makin, ka mayar da wayar sifika jikinsa. Kafin ka danna komai, rage sautin.