Baba, Ka Huta!

A Azare babu abin da ke saurin kwantar da dattijo kamar ɗa mai tausayi. Da yaro ya samu aikin albashi sai ya kafa dokar-ta-ɓaci a gida: kada Baba ya je gona, kada ya ɗauki buta, masallacin asuba ma jika zai kai shi a babur. Masallacin nan fa gida huɗu ne tsakani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wanda ya kai shekara 65 ya riƙa motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, likitoci kuma sun daɗe suna faɗa cewa hawan jini, ciwon suga da zaman kaɗaici suna cikin masu jawo gigin tsufa. Kakanninmu na ƙasar Katagum ba su taɓa jin wannan lissafi ba, amma kafin hantsi sun taka masallaci, sun yi tilawa, sun sha koko, sun zaga gaisuwa, sun leƙa gona.

Yanzu safiyar Baba a teburin mai shayi take farawa. "Alhaji, suga cokali nawa?" "Zuba, yaro, Allah ne mai tsarewa." A haɗa mai kauri, a kawo burodi, a bi da goro. Daga nan sai waya, inda wani malamin WhatsApp ya rantse tafarnuwa na maganin cuta arba'in. Ka ce a je asibitin tarayya a auna jini, sai ya haɗe rai: "Lafiyata lau. So kuke a tono mini ciwo?"

Inna ma ba ta tsira ba. Ta ɗauki tsintsiya, surukai uku sun rugo sun ƙwace, wai kada duniya ta zage su.

Majalisar ƙofar gida kaɗai ta rage inda ƙwaƙwalwar Baba ke samun aiki, kuma a nan za ka gane mantuwar tasa tana da zaɓi. Ya manta maganin hawan jini, yana cigiyar tabarau alhali suna goshinsa, amma buhun geron da wani ya ranta a hannunsa tun mulkin Gwamna Tatari Ali, wajen 1980, yana sane da shi har da shaidu biyu.

Ita ma majalisar an fara yi mata shiri. Babban ɗansa ya aiko da talabijin daga Abuja, wai ƙurar waje tana sa Baba tari.