Bakin Wa Za Ka Bi? Dabarun Zaɓen Wasan Dandamali a Landan

A unguwar West End da ke tsakiyar Landan akwai gidajen wasan kwaikwayo kusan 40, kuma da wuya dare ya yi ba a kunna fitilunsu ba. Baƙon da ya zo karatu, ko ganin likita, ko ziyarar 'yan uwa, galibi dare ɗaya gare shi da kuɗin tikiti ɗaya. Sai ya ce da ɗan gari akan ci gari, bari ya tambayi waɗanda suka saba. To, 'yan kallon Landan ba su iya rowar ra'ayi ba. Ka tambayi mutum biyar, ka tashi da sunan wasa goma sha biyu, da rantsuwa, da gargaɗi, da mutum biyu da suka daina gaisawa saboda kai.

Duk da haka kada ka fasa tambaya. Abu ɗaya za ka riƙe: wanda ya ce maka "wannan wasa ya fi kowanne", rabin maganarsa labarin wasan ne, rabi kuma labarin kansa. Idan ka gane irin mutumin da ke gabanka, za ka san abin da za ka ɗauka a bakinsa da abin da za ka bar masa.

1. Ka fara sanin wasa nawa ya taɓa gani

Akwai mai wasa ɗaya. Sau ɗaya ya taɓa shiga gidan wasa, The Lion King ya gani, kuma tun daga ranar ya yanke hukunci a kan sauran duka. Kada ka raina shi, domin ya faɗa hannu mai kyau. Wasan yana gidan Lyceum tun 1999. Julie Taymor ce ta tsara shi, ta ɗora wa 'yan wasa fuskokin dabbobi a ka ba tare da ta rufe fuskokinsu ba, ta yadda kana ganin zaki kana ganin mutum a lokaci guda. Muryoyin amshi kuma aikin Lebo M ne na Afirka ta Kudu, da Zulanci a cikinsu. Abin da za ka karɓa daga wannan mutumi shi ne batun kujera: ka nemi ta ƙasa, kusa da hanya, domin ta tsakiyar 'yan kallo giwa da sauran dabbobi suke ratsawa zuwa dandamali a farkon wasa. Idan da yara za ka, magana ta ƙare, bi shi kawai. Idan kai kaɗai ne, yi masa godiya ka ƙara gaba.

2. Mai hawaye, tambaye shi abin da ya sa shi kuka

Wannan da ka ambaci Les Misérables sai ya dafe ƙirji. Labarin daga littafin Victor Hugo na 1862 aka ɗauko shi: Jean Valjean ya saci burodi don ciyar da 'ya'yan 'yar uwarsa, ya shafe shekara 19 a kurkuku, ya fito ya gyara halinsa, amma ɗan sanda Javert ya ƙi yarda cewa ɓarawo yana tuba. Wasan ya kusa awa uku, kusan komai da waƙa ake faɗa, kuma kafin a tashi an yi jana'izar yawancin waɗanda ka fara so. Idan kana son labarin tuba da yafiya da zalunci, ga wurinka, ka tafi da hankici biyu, ɗaya na maƙwabcin kujera. Idan kuwa ka wuni kana yawo a jirgin ƙarƙashin ƙasa kuma dariya kake nema, mai hawaye ba malaminka ba ne a wannan dare.

3. Ka karanta masu sharhi, amma kada ka ba su aljihunka

A nan ma Les Misérables ce shaida. Da aka buɗe ta a gidan Barbican a Oktoban 1985, yawancin masu sharhi na jaridu sun yi mata kaca-kaca. Jama'a suka karanta, suka ninke jarida, suka tafi layin tikiti har aka sayar da kujerun kaf. Yau ga ta ta haura shekara 40 a Landan. Mai sharhi yana ganin wasa da yawa a wata, saboda haka sabon abu yake farauta. Kai kuwa duk abin da za ka gani sabo ne. Ka amfana da shi wajen sanin tsawon wasa, da labarinsa, da ko muryoyi suna fita. Hukuncin daɗi kuwa naka ne.

4. Ka auna kunnenka kafin ka bi ɗan zamani

Ɗan zamani Hamilton zai ce maka, kuma zai yi mamakin yadda ka kai wannan shekaru ba ka gani ba. Lin-Manuel Miranda ne ya rubuta shi, aka fara nunawa a Amurka a 2015, ya iso gidan Victoria Palace na Landan a ƙarshen 2017. Tarihin Alexander Hamilton ne, sakataren baitulmali na farko na Amurka, an zuba shi cikin waƙar gambara ta zamani, kalmomi sama da 20,000 a cikin ƙasa da awa uku. Aiki ne na gwaninta, sai dai ba ya jiran kowa. Ka yi atishawa, an gama yaƙi an shiga majalisa. Maganin abin shi ne ka saurari waƙoƙin tun a gida, ka karanta taƙaitaccen labarin. Wanda Turancinsa ke son a bi shi a sannu, ga The Play That Goes Wrong a gidan Duchess tun 2014: 'yan wasa ne ke ƙoƙarin nuna labarin kisan kai, ƙofa ta ƙi buɗewa, gawa ta ƙi kwanciya, bango ya zubo. Faɗuwar mutum ba ta buƙatar tafinta.

5. Ka guji mai tsinken baki

The Mousetrap na Agatha Christie ana yin sa tun 25 ga Nuwamba, 1952, kuma annobar korona ce kaɗai ta taɓa dakatar da shi, daga Maris 2020 zuwa Mayun 2021. A 2025 ya cika nuni 30,000. Baƙi ne ƙanƙara ta rufe a wani masauki, kuma ɗaya daga cikinsu mai kisa ne. Kowane dare idan an gama, ɗan wasa yakan fito ya roƙi 'yan kallo su riƙe sirrin wanda ya yi kisan. Amana ce da dubban mutane suka riƙe shekara da shekaru. Amma a kowane taro akwai wanda amana ke yi masa ƙaiƙayi. Alamarsa ita ce ya fara da "ba zan gaya maka ƙarshen ba, amma ka lura da…" Da ka ji "amma", tashi ka ce za ka amsa waya.

6. Mai "na da ya fi", tambaye shi shekarar

Dattijon nan zai yabi wasa har ka ji ƙafarka na motsi, ka je neman tikiti a ce maka an rufe tun kafin a yaye ka. Cats ta yi shekara 21 a Landan ta sauka a 2002. Fela!, wasan rayuwar Fela Kuti, ya zo National Theatre a 2010, ya je Legas a 2011, ya wuce. Ko wasan da bai sauka ba, 'yan wasansa suna canzawa, kuma a kowane dare ɗan ko-ta-kwana na iya maye gurbin tauraro. Kada hakan ya ɓata maka rai, domin wanda ya daɗe yana jiran ranarsa yakan zuba duk abin da yake da shi. Ka ji daɗin hirar dattijo, sannan ka duba jadawalin bana.

7. Ka faɗi wanda za ka tafi da shi

Wannan ita ce shawarar da ke tsare mutunci. Abokin aiki zai rantse maka bai taɓa dariya irin ta The Book of Mormon ba. Gaskiya ya faɗa. Abin da ya manta shi ne masu shirin South Park ne suka rubuta shi, labarinsa a Yuganda yake, kuma cike yake da ashar da batsa da shaguɓe ga addini. Ka zauna a tsakanin surukinka da ƙanwar matarka a wannan zaure, ka ga yadda awa biyu ke komawa shekara. Kowane gidan wasa yana rubuta shekarun da suka dace da kallo a shafinsa na intanet. Karanta su kafin ka biya.

8. "A ina ka zauna?"

Mutum biyu za su ga wasa ɗaya a dare ɗaya, wannan ya ce aljanna, wancan ya ce asara. Sau da yawa kujera ce ta raba su. Gidajen West End da yawa ginin zamanin Sarauniya Biktoriya ne da ɗan bayansa, da ginshiƙai da benaye masu rufe juna. A The Phantom of the Opera, wanda ake yi tun 1986, babbar fitilar da ke rataye a sama ita ce abin kallo kafin hutun rabin lokaci, amma wanda ya zauna can baya a ƙarƙashin bene sai dai ya ji ihun mutane. Idan tikiti ya yi araha da yawa, duba ko an rubuta cewa ba a ganin dandamali duka. Araha ba ta ado.

Wuri ɗaya ne araha ta fi tsada daɗi: Shakespeare's Globe a bakin kogin Thames, wanda aka buɗe a 1997. Mutum kusan 700 ne ke tsayawa a filin gaban dandamali da kuɗi kaɗan, 'yan wasa na magana da su ido da ido. Tsakiyar ginin ba rufi, ba a zama, kuma ba a yarda a buɗe lema ba. Ka sa takalmin da kuka saba da juna, ka riƙe rigar ruwa.

9. Ka daidaita agogo da aljihu

Wasan da ake rububi, ba a fafe gora ranar tafiya: saya tun da wuri. Idan ba ka da zaɓi na musamman, rumfar tikiti da ke dandalin Leicester tana sayar da tikitin ranar da rangwame tun 1980. Wasan dare yawanci ƙarfe 7:30 yake farawa, na rana 2:30, kuma wanda ya makara sai ya jira a waje har a sami gaɓar shigar da shi. Mai kula da salla ya lura da wannan: a Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4, a Yuni kuwa sai bayan 9 na dare. Saboda haka da hunturu ka zaɓi wasan dare, da bazara ka zaɓi na rana, ka huta da lissafi.

10. Ranar da aka tambaye ka

Gani ya kori ji, kuma da ka fito daga zauren nan kai ma ka shiga sahun masu ra'ayi. Wani baƙo zai zo ya ce, "Malam, wanne zan gani?" Kafin ka ambaci suna, tambaye shi da wa zai je, ko dariya yake so ko kuka, da nawa ya ware. Sannan ka gaya masa wasa nawa ka taɓa gani, da inda ka zauna, da abin da ya taɓa zuciyarka. Da wannan zai iya auna maganarka ya zaɓi nasa. Idan kuma The Mousetrap ka gani, ka ba shi sunan tashar jirgin da zai sauka, ka ja bakinka ka yi shiru.