Mu Ba Ma Yi Wa Baƙo Ihu

A teburin mai shayi, nan Gagarawa, wani ɗalibi ya kawo labarin. A watan Maris na 2008, a wani taron fasaha a birnin Ostin na Amurka, an zaunar da Mark Zuckerberg mai Facebook, lokacin yana ɗan shekara 23, 'yar jarida Sarah Lacy tana yi masa tambayoyi a gaban jama'a. Sai ta riƙa katse shi, tana sako zancen littafinta. Mutane suka ƙosa, suka fara ɗaga murya, wasu na caccakar ta a Twitter tun tana bisa kujera. Da ya ce mata ai sai ta yi tambaya, zauren ya ɗauki tafi.

"Subhanallahi! A gaban baƙo?" in ji Baba mai goro.

Don mu nan ba haka muke yi ba. In hira ta gundure mu, gyaran murya za ka fara ji. Can sai wani ya dubi rana ya ce La'asar ta kawo jiki, ya laluɓi takalminsa, na kusa da shi ya bi shi neman buta. Kafin a shafa fatiha, rumfa ta koma rabi. Da idona na gani a wani taron kwamfuta a Gumel: mai tambaya ya ɓata lokaci yana yi wa babban baƙo kirari, sauran kuma Turanci ne zalla. Ba wanda ya ce uffan.

Wallahi ina son kunyar nan tamu. Abin da ke ci mini rai shi ne da tambayarmu muke komawa gida. A taron Gumel ɗin, manomin riɗi ya zo da tasa. Dillalin shanu yana son ya ji dalilin da ran Alhamis a kasuwar Maigatari kuɗi ke fita daga asusun mai saye, alat ya ƙi shigowa, ga igiyar sa a hannu har rana ta faɗi. Tsohuwar da aka rufe wa layi saboda lambar NIN ita ma da tata. Mai riƙe da lasifika ɗan aikenmu ne, bai kuwa isar da saƙo ba. Sai da dare, a majalisa, muka yi ta fashin baƙi, baƙon kuwa ya daɗe da isa Dutse.

Baba ya ɓare goro ya miƙa wa ɗalibin ɓari. "Ɗana, in an sake kiran taro, kai za ka miƙe. Ka yi sallama, ka gaishe su da ladabi, sannan ka tambayar mana zancen alat ɗin nan."