Kogi a Dogon Dutsi

Ƙanena ya ce zai koyi zanen kogi da fentin mai. Ya sayo shuɗi, ya kafa allonsa a kwarin Dallol Mawri, ya zauna jiran ruwa. Na ce masa ya ɗan makara, kogin ya wuce tun shekaru dubbai, ko sallahu bai bari ba.

"Yaya, ai zane sai da haƙuri," in ji shi.

Fentin jar ƙasa ya ƙare a kwana uku. Shuɗin ko marfinsa ba a buɗe ba. Inna ta leƙa, ta yaba gonar hatsi, ta tambayi ina jakin.

Yanzu kuɗin motar Gaya yake tarawa, don ya ga kogi mai ruwa. Zanen kuwa sati guda ke nan bai bushe ba. Da ranin nan, duk kwarin shi kaɗai ke da danshi.